Giyar otomatik ta fara gardama: yadda za ka gane ko gyara ya kamata ko rabuwa da tsohuwar motarka

"Alhaji, giya ta tafi, sai dai a sauke a ɗora na Beljiyam." Duk mai tsohuwar mota otomatik, in dai ya daɗe da ita, wata rana zai ji wannan magana. Ni na ji ta ne da wani yammacin watan Afrilu, ina tsaye a inuwar darbejiya a bakin gareji, Corolla ɗina ta 2005 ta maƙale a giya ɗaya ta ƙi gaba ta ƙi canji. Bakaniken bai buɗe bonet ba, zagaye ɗaya ya yi da ita a layin ya dawo ya yanke hukunci. Na ce masa zan yi shawara. Bayan kwana biyu wani rewaya ya kwanta ƙarƙashinta ya zaro soket ɗin da ke shiga giyabos, ya nuna mini cikinsa ya yi kore shar da tsatsa, waya ɗaya ta kusa tsinkewa. Kuɗin gyaran bai kai na cika tanki ba.

Ba kullum ake dacewa haka ba. Giyabos yana mutuwa da gaske, kuma akwai motar da zuba mata kuɗi asara ce tsantsa. Abin da nake so ka riƙe shi ne kada ka yanke shawarar gyara ko sayarwa alhali ba ka san abin da ya lalace ba. Ga yadda za ka bi abin, daga mai araha zuwa mai tsada.

Mataki na 1: ka daina matsa mata

Da zarar ka ji injin yana kuka amma motar ba ta ja, ka nemi wuri ka tsaya. Duk kilomita ɗaya da ka ƙara a haka, faiba kake ƙonawa, wato siraran faifan nan da ke kama juna a cikin giyabos. Gyaran da zai tsaya a mai da filta sai ya koma na saukewa. Kuma kada a ɗaura mata igiya a ja ta tafiya mai nisa. In injin a kashe yake, famfon da ke zagaya man giya ba ya aiki, ƙarafa ne kawai ke gugar juna a bushe. A nemi janwe ya ɗauke ta gaba ɗaya, ko ya ɗaga tayoyin da ke ja. Tura ta don ta tashi kuwa ɓata ƙarfi ne, otomatik ba ta tashi da turi.

Mataki na 2: ka san ciwon da bakinka kafin ka je gareji

Mai mota da ya ce "ba ta jin daɗi" ya ba bakanike wuƙa da nama. Ka lura da kyau, in da hali ka rubuta. Da sassafe take yi ko sai ta ɗau zafi? In ka taka burki ka sa D, nan take take kamawa ko sai ka ƙirga uku, huɗu, biyar? Ribas fa? A wane gudu take yin abin? Akwai fitilar da ta kama a gabanka? A Honda, harafin D ɗin ne ke ƙyafta ido in kwamfutar ta ga matsala a giya.

Kowace alama da inda take nunawa. Motar da ta tsaya a giya ɗaya, ba ta da ƙarfin tashi amma in ta miƙe tana tafiya, galibi kwamfutarta ce ta kulle ta da gangan don ta kare giyabos, kuma sau da yawa laifin na lantarki ne. Wadda ke dukan "dam" in ka sa D ko ribas amma tana canji lafiya a hanya, a fara duba injin-sit, robobin da injin ke zaune a kansu. Wadda ba ta motsi ko kaɗan a kowace giya, kana jin ƙarar kaca-kaca, allurar gudu kuma tana tashi alhali kana tsaye wuri ɗaya, shaf, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa taya, shi ne ya karye ko ya zame, giyabos lafiyarsa ƙalau. Wadda hannun giyarta ya ƙi fita daga P, a duba fitilar burki ta baya, don ɗan makunnin da ke ƙarƙashin takalmin burki shi ke sakin hannun. Karkarwa a gudun kilomita 60 zuwa 80 a awa tana iya zama daga konbata, wato tulun ƙarfe mai cike da mai da ke haɗa injin da giyabos, tana kuma iya zama fulogi ko koyil ne ya gaji. Mataccen famfon fetur da toshewar salansa su ma suna kashe wa mota ƙarfi har a ɗora wa giya laifin da ba nata ba.

Alamar da ba ta da daɗin ji ita ce wannan: motar ta tashi lafiya da safe, in ta yi zafi ta saki kamar an sa ta a N, ka kashe ka jira minti biyar ta sake ja, ta ƙara saki bayan ɗan tafiya. Wannan yawanci garin faiba ne ya toshe filtar ciki. In aka kashe injin garin ya ɗan zube, in aka tayar ya sake taruwa. Masu tsofaffin Honda sun san wannan ciwo sarai.

Mataki na 3: ka duba man giya da idonka

Nan ne za ka fi samun gaskiya, kuma kyauta. Ka yi tafiyar kamar minti goma sha biyar motar ta ɗau zafi, ka faka a wuri mai daidai. A Toyota da yawancin motoci, injin yana aiki, giya tana P, ka zaro gejin man giya, ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. A tsofaffin Honda kashe injin ake yi, a duba cikin kamar minti ɗaya. Wasu motocin da suka biyo baya ba su da gejin gaba ɗaya, sai an ɗaga su an kwance wani ƙusa na musamman, wannan sai a gareji.

Ka ɗiga man a kan farar takarda ka kai wurin haske. In ja ne ko ya ɗan yi ruwan ƙasa, kana hango takardar ta cikinsa, da sauran rai. In ya yi baƙi, ka shinshina ka ji ƙaurin ƙonewa kamar tuwon da ya kama tukunya, faiba ta ƙone. Ka murza shi tsakanin yatsu biyu. Santsi ya kamata ka ji, in ka ji tsaki-tsaki kamar yashi, abu yana cinyewa a ciki. In kuwa ya zama ruwan hoda mai kauri kamar an dama shi da madara, ruwan lagireto ya shiga giya. Man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce, in bututun ya fashe sai su gauraya. Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 sun yi suna a wannan. Ruwa yana ɓamɓare faiba daga jikin ƙarfenta, don haka irin wannan giyabos da wuya ya tsira da canjin mai kaɗai.

In man ya yi ƙasa, ka yi hamdala, wataƙila shi ke nan matsalar. Sai dai man giya ba ya ƙonewa kamar baƙin mai, in ya ragu to zuba yake yi. Ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar ta kwana, da safe ka ga inda jan ɗigo ya faɗo. Sil ɗin shaf da tiyon da ke zuwa lagireto gyaransu ba tsada.

Sannan ka tambayi kanka wane mai aka zuba mata karon ƙarshe. Wannan abin yana ci mini rai, domin giyabos masu yawa a ƙasar nan ba tsufa ya kashe su ba, jan man da ake aunawa a gorar roba a bakin titi ne. Ba duk jan mai ne ɗaya ba. Camry ta 2002 zuwa 2006 da Corolla ta 2003 zuwa 2008 T-IV suke sha, Camry ta 2007 zuwa sama WS. Honda tana da nata, Z1 a da, yanzu DW-1 ya maye gurbinsa. Motoci masu giyar CVT, wato otomatik ɗin da ba ta da matakan canji, irin wasu Nissan Murano da Altima, man nasu daban ne kwata-kwata, in aka zuba musu na gama-gari an gama da su. Sunan man yana nan a littafin motar, sau da yawa ma an rubuta shi a jikin gejin.

Mataki na 4: a sa mata kwamfuta, kuma ka karɓi lambobin

Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ka kai ta wurin mai na'urar da ke karanta ɓangaren giya, ka ce kada ya goge komai sai ka ɗauki hoton allon da wayarka. P0700 cewa kawai yake yi akwai magana a giya, ba ya faɗin ko mece ce. P0715 da P0720 na'urorin auna gudu ne, a yawancin motoci ana canza su daga waje ba tare da an sauke komai ba. Daga P0750 zuwa P0770 solonoid ne, ƙananan famfunan lantarki da ke buɗe wa mai hanya. P0741 konbata ce. P0730 da 'yan uwansa na kusa su ne ke nuna giya tana zamewa, su ne masu tayar da hankali. P0300 kuwa ba ruwansa da giya, injin ne ke tsallake wuta.

Lamba ba hukunci ba ce, nuni ce. In ta ce solonoid, yana iya zama wayarsa ce, kamar yadda ta kasance a tawa motar. Ka kuma san halin irin motarka. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 tana dukan giya saboda birenbos ɗinta, wato kwamfutar motar, har kamfanin Toyota ya ƙara wa'adin garantinsa a Amurka. Wanda ya ɗora mata wani giyabos bai taɓa birenbos ba, sabon ma zai bi sahun tsohon. Peugeot 406 da 307 masu giyar AL4 sun saba kulle kansu a giya ta uku saboda solonoid guda biyu da ke sarrafa ƙarfin mai. Accord mai silinda shida ta 1998 zuwa 2004 kuwa giyarta ce mai rauni tun daga masana'anta, in ta fara zamewa kada ka sa dogon rai.

Mataki na 5: a sauke kaskon ƙasa kana tsaye

In man bai ƙone ƙurmus ba kuma motar tana ɗan ja, gwajin da ya rage shi ne a tsiyaye mai a kwance kaskon da ke ƙasan giyabos. Ka tsaya a wurin. Akwai maganaɗisu a cikin kaskon. Ɗan baƙin laka mai laushi a jikinsa ba komai ba ne, kowace tsohuwar mota tana da shi. Amma in ka ga ya yi gashi-gashi da ɓurɓushin ƙarfe masu ƙyalli, ko ka tsinci gutsattsari da za ka iya ɗauka da farce, an gama magana, kada ka sayi mai ko lita ɗaya. A Honda da ba ta da kasko, maganaɗisun yana jikin ƙusan tsiyaye mai.

In kaskon da tsabta, a canza filta a zuba man da ya dace. Abin da ke fita a tsiyaye ɗaya lita 3 zuwa 4 ne, wajen rabi, yawancin sauran yana cikin konbata. Ka yi tafiyar mako guda, in ta nuna sauƙi a maimaita. Kada ka yarda a haɗa ta da injin wanko mai tura mai da ƙarfi in giyar ta riga ta fara ciwo.

Mataki na 6: ka manta da giya, ka kalli sauran motar

To, a ce an tabbatar giyabos ya mutu. Tambayar yanzu ta tashi daga kansa ta koma kan abin da za a ɗora shi a kai. Ka sami wani bakanike daban, wanda ba shi zai yi aikin giyar ba, ka biya shi ya duba maka ita kamar saye za ka yi. Injin yana hayaƙi shuɗi? Lita nawa na baƙin mai kake ƙarawa tsakanin juye da juye? Ta taɓa yin obahitin har aka taɓa tof-gaskit? A leƙa shasi, musamman motocin da suka fito daga Kanada da arewacin Amurka inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, tsatsa na cin su daga ƙasa. Ta taɓa yin hatsarin da ya karkatar da ita har tana cin taya gefe ɗaya? Aikin ƙafa nawa ke jira? Takardun kwastan cikakku ne?

A wurina, in injin da shasi lafiya suke, motar ta cancanci giyabos ko da fentinta ya koɗe, kujeru sun yage. In ɗaya daga cikin biyun nan ya gaza, ba na ba kowa shawarar ya ɗora mata sabon abu.

Mataki na 7: lissafi a takarda

Ka rubuta lambobi huɗu. Na farko, abin da za a saye ta a yau yadda take, da ciwonta. Na biyu, abin da irinta mai lafiya ke yi a kasuwa. Ka tambayi dillalai biyu ko uku, ka tuna kuɗin da ake faɗa daban, wanda ake biya daban. Na uku, kuɗin gyara gaba ɗaya: giyabos, kuɗin aiki, mai lita 7 zuwa 8 tunda komai a bushe zai zo, filta, sil, injin-sit in sun mutu, da kuɗin hayar da za ka yi ta biya kwanakin da take gareji. Na huɗu, gyare-gyaren da mai dubawa ya ce suna tafe cikin shekara guda.

A misalce, a ce mai lafiyarta tana yin miliyan 4, yadda take an taya miliyan 2 da dubu 800, gyara kuma zai ci dubu 900. Gyara ya fi, ko da niyyarka sayarwa ce daga baya. Amma in aikin injin na dubu 700 yana jira a bayansa, lissafin ya juye.

Akwai masu cewa in gyara ya kai rabin kuɗin mota a rabu da ita. Wannan ƙa'ida ta ƙasashen da mota ke araha ce, aikin hannu ke tsada. Mu nan akasin haka ne, balle tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kuɗin motocin da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabi. Abin da za ka auna shi ne: in ka sayar da ita yadda take, ka haɗa da kuɗin gyaran da ke hannunka, wace mota za ka samu? Sau da yawa amsar ita ce wata tsohuwa sa'arta, wadda ba ka san abin da mai ita ya ɓoye ba. Taka kuwa ka san tarihinta, ka san inda take ciwo. Sai dai kada ka ci bashi mai nauyi ko ka taɓa jarin sana'a saboda motar da ba ita ke kawo abinci gida ba. A ajiye ta a rufe da tamfol wata biyu a tara kuɗi ba abin kunya ba ne.

Mataki na 8: in gyara ka zaɓa, wanne iri?

Hanya uku ce. Ko a buɗe naka a canza faiba da sil, ko a ɗora na Beljiyam, ko a mayar da motar manuwal.

Buɗewa aiki ne na tsabta da haƙuri. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maƙale bawul. In ka ga wanda zai yi aikin yana zube kayan ciki a kan buhu a ƙasa, iska na kwaso ƙura, ka ɗauki motarka. In ka sami ƙwararren da giya kaɗai yake yi, yana da teburi da ɗaki, kuma ka ga motocin da ya yi wa aiki shekara guda da ta wuce suna yawo, to wannan hanya tana da kyau, musamman ga motar da giyabos ɗinta ke wuyar samu. Mayarwa manuwal kuwa an fi yin sa a Peugeot da Golf. Yana buƙatar takalmin kuloci, hannun giya, sau da yawa da shaf da aikin waya, kuma in ba a daidaita kwamfuta ba fitilar cek ba za ta ƙara mutuwa ba. Ga mai motar haya yana iya zama mafita, ga motar gida ban cika son sa ba.

Yawancinmu na Beljiyam muke ɗorawa, daga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko a aiko daga Ladipo a Legas. Ka tafi da kanka tare da bakanikenka. A Toyota, lambar giyabos tana jikin takardar da ke manne a gefen ƙofar direba, misali U241E mai giya huɗu ko U250E mai giya biyar, duk a Camry mai siffa ɗaya. A ƙirga ƙusoshin soket, su yi daidai da naka. Ka tsiyayo ɗan man da ya rage a ciki ka duba shi a farar takarda kamar yadda ka yi wa naka. Ka bi layin da ɓangarorinsa suka haɗu da ido: sabon gam da ya tsattsafo, ko kawunan ƙusoshi da suka sha sifana, suna nuna an taɓa buɗe shi a nan gida aka wanke aka ce na waje ne. Ya zo da konbatarsa. Ka sa masa alama da fenti a gabanka. Garantin kasuwa 'yan kwanaki ne, don haka a rubuta a rasit cewa ƙirgen zai fara daga ranar da aka ɗora, da abin da za a yi in bai yi ba, canji ko mayar da kuɗi, da wanda zai biya aikin saukewa karo na biyu. Tsohon naka ma kuɗi ne, a sa shi cikin ciniki.

Ranar ɗorawa ka nace a kan abu biyu. A wanke bututun da ke cikin lagireto da tiyoyinsa tas, ko a canza, domin dattin tsohon giyabos yana kwance a can yana jiran sabon. Kuma a tabbatar konbata ta zauna har ƙarshe a cikin giyabos kafin a haɗa shi da injin. In aka ja shi da ƙarfin ƙusa bai zauna ba, famfon ya fashe tun kafin a murza makulli.

In an gama, ka tuƙa ta sosai cikin kwanakin garantin, ba zagayen unguwa ba. Ka shiga cunkoso da tsakar rana, ka hau babbar hanya ta kai giyar ƙarshe, ka gwada ta da sassafe tana sanyi, ka sake sa mata kwamfuta, ka duba kwalin da ka shimfiɗa mata da dare.

In kuma rabuwa ce

Ka sayar da ita yadda take, ka faɗi ciwon da bakinka. Na san dabarar da ake yi, a zuba mai kauri ko wani sinadari, a goge lambobin kwamfuta, a kai ta kasuwa da sassafe kafin ta ɗau zafi. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mai algus bai bar wa kowa mafaka ba, kuma wanda zai saya wataƙila kuɗin sallamarsa daga aiki ne ya kwaso gaba ɗaya. Masu sayen irin wannan mota da saninsu suna nan: bakanikai da ke da giyabos a ajiye, dillalan da ke gyarawa su sayar, da masu yanka mota su sayar da sassanta in injin ma ya gaji. Ka nemi tayi daga mutum uku aƙalla, ka nuna musu hoton lambobin kwamfuta da rasit ɗin ayyukan da ka yi mata, don lafiyayyen injin da sababbin tayoyi suna da kuɗinsu. A rubuta takardar ciniki da shaidu biyu, a ambaci matsalar giyar a ciki, kowa ya sa hannu, ka riƙe kwafinka tare da hoton takardun motar har sai an canza sunan mai ita.